Shin Gyaran Kufai Yana Biyan Bashi?

GABATARWA

Duk wanda ya san tsofaffin biranenmu ya san kududdufi. Babu soro ko ganuwa da aka gina ba tare da an haƙo ƙasarta daga wani wuri ba, saboda haka kowane gini mai tsawo yana da raminsa, ko a bayan gari ko a tsakiyar unguwa. Idan baƙo ya zo, soron yake ɗaga kai ya kalla, ya yaba wa magina. Ramin kuwa sai a bar wa maƙwabtansa, su sha cizon sauro da wari, su riƙa tsaron 'ya'yansu kada su faɗa ciki. To, ashe ƙasashe ma suna da nasu kududdufan, watau yankunan da aka haƙe albarkatun da ke cikinsu aka gina arzikin wasu wurare, sa'an nan da abin ya ƙare aka juya musu baya.

Tambayar da wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin amsawa ita ce: idan al'umma ta ci amfanin wani wuri har ta ƙarar da shi, me ya rage a wuyanta game da wurin nan da mutanen da ke cikinsa? Idan kuma daga baya aka zo aka gyara wani abu na kufan, shin an biya bashi ke nan, ko kuwa an yi wa kabari ado ne kawai? Don kada maganar ta tsaya a iska, zan ɗauki misali guda daga Ingila, watau tsohuwar hanyar ruwa ta Chesterfield, wadda ta ratsa yankin da a dā ake haƙar kwal, wadda kuma an yi shekaru da dama ana aikin tono ta bayan ta mutu.

ASALIN HANYAR RUWAN

Kafin a shiga jayayya, ya kamata mai karatu ya san abin da ake jayayya a kansa. Abin da Turawa ke kira kanal kogi ne wanda hannun mutum ya haƙa domin jiragen ɗaukar kaya. A ƙarni na 18 hanyoyin Ingila na ƙasa taɓo ne da ramuka, dokin da aka ɗora wa kaya a baya bai iya wuce 'yan buhuna kaɗan. Amma dokin nan guda, idan yana tafiya a gefen ruwa yana jan jirgi da igiya, sai ya ja tan 20 ko fiye. A 1761 wani injiniya mai suna James Brindley ya taimaka aka buɗe irin wannan hanya don kai kwal birnin Manchester, kuɗin kwal a can ya faɗi da kamar rabi. Daga nan kowane gari mai ma'adini ya ce shi ma sai an haƙa masa.

Brindley ɗin nan ne ya auna hanyar Chesterfield. Majalisa ta ba da izni a 1771, shi kuwa ya rasu a 1772, sai John Varley da Hugh Henshall suka ƙarasa aikin, aka buɗe ta a 1777. Tsawonta mil 46 ne, daga garin Chesterfield ta bi ta Worksop da Retford har ta faɗa kogin Trent a West Stockwith. Da yake ruwa ba ya hawa tudu, sai aka yi amfani da wata dabara: a gina ɗaki mai ƙofa biyu a tsakiyar hanya, jirgi ya shiga a rufe, a cika ɗakin da ruwa har jirgin ya taso daidai da matakin sama, sa'an nan a buɗe ƙofar gaba ya wuce. Irin waɗannan ɗakuna 65 aka gina. Inda tudun ya faskara, a Norwood, sai aka huda shi aka yi rami mai tsawon fiye da mil ɗaya da rabi. Babu hanyar doki a cikin ramin, don haka mutane ne ke kwanciya a kan jirgi suna tura bango da ƙafafunsu cikin duhu har su fita.

Kwal da darma da farar ƙasa da ƙarfe da hatsi duk sun bi ta wannan ruwa. Har ma bayan gobarar da ta cinye majalisar dokokin Ingila a 1834, duwatsun da aka sake gina ta da su daga Anston aka fasa su, aka loda a jiragen wannan hanya, suka bi Trent da teku zuwa Landan. Mai karatu ya riƙe wannan a ransa, domin kuwa za mu komo kansa.

Mutuwarta ta zo a hankali. Jirgin ƙasa ya fi ta sauri, kafin 1850 ma har wani kamfanin jirgin ƙasa ya mallake ta. Haƙar kwal da ake yi a ƙarƙashin tudun Norwood ta sa ƙasa tana lotsawa, a 1907 rufin ramin ya rufta, hanyar ta rabu gida biyu. Watau abin da aka haƙa ta dominsa shi ne ya karya mata baya. Jiragen kaya sun ci gaba da lallaɓawa a ɓangaren gabas har wajen shekarun 1950, daga nan suka daina. Ɓangaren yamma kuwa ya zama juji, aka cike wasu wurare, a garin Killamarsh har gidaje aka gina a kan inda ruwan yake bi.

BAYAN KWAL

Ita ma haƙar kwal ɗin ranarta ta zo. A wajen 1920 fiye da mutum miliyan ɗaya ke aiki a mahaƙun Birtaniya. A watan Maris na 1984, da hukumar kwal ta ce za ta rufe mahaƙu 20, ƙungiyar ma'aikatan a ƙarƙashin Arthur Scargill ta shiga yajin aiki, gwamnatin Margaret Thatcher kuma ta ƙi sassautawa. Sai da aka yi shekara guda cur, ma'aikata suka koma aiki a Maris na 1985 ba tare da sun sami abin da suke nema ba. Hanyar ruwan nan ta ratsa lardi uku, Derbyshire da Yorkshire da Nottinghamshire, kuma yajin ya raba su: mutanen Yorkshire suka tsaya a kan yaji, akasarin na Nottinghamshire suka ci gaba da aiki, aka sami gaba har tsakanin wa da ƙane. Daga ƙarshe rufewar ba ta bar kowa ba. Mahaƙar Markham da ke kusa da Staveley ta rufe a 1993, ta Kiveton Park a 1994. Mahaƙa mai zurfi ta ƙarshe a ƙasar duka, Kellingley, ta rufe a 2015, tashar lantarki ta ƙarshe mai ƙona kwal kuma ta daina aiki a 2024.

Abin da ya kamata a lura da shi shi ne, a irin waɗannan garuruwa mahaƙa ta wuce wurin karɓar albashi. Ita ce ta tara mutanen tun farko, ita ke riƙe da kulob ɗin ma'aikata da 'yan badujala da ƙungiyar ƙwallo, ita ke gaya wa yaro abin da zai zama idan ya girma. Ranar da aka rufe ta, gari ya wayi gari bai san dalilin zamansa a wurin ba. Aka bar shi da tsibin baƙar ƙasa, da ruwa mai guba, da tsofaffi masu ciwon huhu, da samari marasa aikin yi.

A cikin wannan hali ne wasu mutane suka sa wa tsohuwar hanyar ruwan ido. Tun a 1976 suka kafa ƙungiya don ceto ta, suka fara da aikin gayya, suna sare ƙaya suna kwashe shara a ranakun hutu. Sannu a hankali ƙananan hukumomi da masu ba da tallafi suka shigo. Ya zuwa 2003 an maido da ruwa daga Worksop har Kiveton Park, an kuma gyara mil 5 daga Chesterfield zuwa Staveley. A Shireoaks, inda a dā ake loda kwal, an yi matsayar jirage da gidaje. A 2012 aka buɗe sabuwar matsaya a Staveley, abin da ya rage a tsakiya bai kai mil 9 ba. Sai ga shi a 2013 gwamnati ta bayyana layin sabon jirgin ƙasa mai gudun gaske, wanda ake kira HS2, layin kuwa ya bi ta kan hanyar ruwan, masu ba da kuɗi suka ja baya, aiki ya yi shekaru yana jan ƙafa kafin a soke wannan reshe na layin. Ƙungiyar ta taɓa sa wa kanta burin gama aikin a 2027, shekarar da hanyar za ta cika 250.

HUJJOJIN MASU SUKA

To, ba kowa ne ya ga alheri a cikin irin wannan aiki ba, kuma bai kamata a yi watsi da maganar masu suka ba tare da an auna ta ba. Na farkonsu shi ne mai lissafi. Shi cewa yake yi, kuɗin jama'a ba ya da yawa, garin da ke fama da rashin aiki masana'anta yake bukata, da makaranta, da asibiti. Mahaƙa guda tana ɗaukar ɗaruruwan magidanta aiki, wata ma fiye da dubu, da albashin da zai riƙe gida. Hanyar ruwa kuwa me za ta ɗauka? Mai sayar da shayi, da mai gyaran jirgi, da mai gadi, yawancinsu ma sai lokacin zafi da baƙi ke zuwa. A ganinsa kwalliya ba za ta biya kuɗin sabulu ba.

Na biyu ya fi na farko zafi. Shi yana ganin gyaran wata hanya ce ta wanke tarihi. Wurin nan da baƙo zai zo ya ga agwagi suna iyo, ya ce kai, zamanin dā da daɗi yake, wuri ne da aka sha wuya. Sai a 1842 ne doka ta hana sa mata da yara 'yan ƙasa da shekara 10 aiki a ƙarƙashin ƙasa, bayan da ruwa ya cinye yara 26 a mahaƙar Huskar a 1838. A Markham kaɗai mutum 79 suka mutu a fashewar 1938, wasu 18 kuma a 1973 da kejin da ke saukar da su rami ya faɗi da su. Idan aka shafe wannan duka da fenti da furanni, in ji shi, an yi wa matattu ƙarya. Ya kuma ƙara da cewa gida a bakin ruwa tsada gare shi, jirgin shaƙatawa kuma sai mai hali, don haka ƙarshenta jikan mahaƙi shi zai tashi ya ba baƙo wuri. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Na uku tambayarsa ta masu falsafa ce. Ya ce, mutum ne ya gāji gatari daga kakansa, ƙota ta karye ya sake, ruwan gatarin ya cinye ya sake, shin har yanzu gatarin kakansa ne? Hanyar ruwan da aka gyara, ƙofofinta sababbi ne, wasu ɗakunan ma ba a inda suke a dā aka gina su ba, ba ta ɗaukar kwal, ba doki ke jan jiragenta ba. Abin da ke sa abu ya zama shi, in ji shi, shi ne aikin da aka yi shi dominsa, kuma wannan aiki ya mutu. Saboda haka kalmar maidowa ma ruɗi ce, sabon abu aka gina aka laƙa masa tsohon suna.

AUNA HUJJOJIN

Bari mu fara da na ƙarshe, domin shi ya fi sauƙin amsawa. Gaskiya ne hanyar ba za ta koma ɗaukar kwal ba, babu kuma mai son ta koma. Amma ba daidai ba ne a ce abu ba ya da wani aiki sai wanda aka fara yin sa dominsa. Ganuwar Kano don yaƙi aka gina ta, yaƙin ya wuce tun zuwan Turawa a 1903, amma ba wanda zai ce wanda ya gyara Ƙofar Na'isa ko Ƙofar Mata wauta ya yi. Ganuwar ta sami wani aikin, watau gaya wa Bakano ko shi wane ne. Shi ma mai gatarin nan, abin da ya gāda a gaskiya shi ne sanin saran itace da kuma riƙon amanar kayan gida, waɗannan kuwa suna nan ko an sake ƙota sau goma. Abin da ake nema daga masu gyara shi ne kada su ce tsohon abu suka dawo da shi yadda yake.

Mai lissafi kuwa yana da gaskiya a rabin maganarsa. Duk wanda ya ce hanyar ruwa za ta maye gurbin mahaƙa wajen samar da aiki ya yaudari jama'a. Inda ya kuskure shi ne zatonsa cewa bashin iri guda ne. A ganina bashi biyu aka ci a wurin nan. Akwai bashin ƙasa, watau ƙasar da aka huda, da ruwan da aka ɓata, da filin da aka mayar juji. Akwai kuma bashin mutane, watau lafiyarsu da rayukansu da makomar 'ya'yansu. Gyaran hanyar ruwa yana biyan na farko sosai, domin ba a iya sa ruwa a wuri sai an kwashe guba, an gyara magudanai, an shuka itatuwa. Na biyun kuwa ɗan kaɗan yake taɓawa. Wanda ake bi bashi biyu, idan ya biya ɗaya, ba a ce masa don me ka biya, sai dai a tuna masa saura. Bugu da ƙari, biyan na farko yakan share wa na biyu hanya, domin mai jari ba ya son kafa masana'anta a kan juji, likita da malamin makaranta ma ba sa son zama a garin da kowa ke neman gudu daga cikinsa.

A nan wani zai ce, to wa ake bi bashin? Masu mahaƙun sun mutu, kamfanoninsu sun watse, Baturen Landan na yau bai taɓa aika kowa rami ba, don me za a ɗebi harajinsa a kai Staveley? Amsar tana cikin abin da kowannenmu ya sani game da gādo. Ba a raba dukiyar mamaci sai an fitar da bashin da ake binsa, magaji kuma ba ya cewa ina son gona amma ban san zancen bashi ba. Mutanen Birtaniya na yau sun gāji layukan dogo, da masana'antu, da jami'o'i, da bankunan da ƙarfin kwal ya gina. Majalisar da wakilansu ke zama a ciki ma, kamar yadda muka gani, da dutsen yankin nan aka gina ta, ta kan ruwan nan kuma ya bi. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Bisa ga haka kuɗin da gwamnati ke kaiwa irin waɗannan garuruwa haƙƙinsu ne, bai kamata a miƙa shi da sunan kyauta ana jiran godiya ba. Bambancin nan ba ƙarami ba ne, domin mai kyauta yana iya fasawa ranar da ya ga dama, yana kuma zaɓar abin da zai bayar, amma wanda ake bi bashi ba ya da wannan iko.

Saura mai suka na biyu, wanda maganarsa ta fi nauyi. Ba na jin akwai amsar da za ta kawar da ita gaba ɗaya, sai dai ta zama ma'auni da za a riƙa gwada aikin da shi. Idan gyaran zai zama adalci, lalle ne mutanen wurin su zama masu shi. Abin farin ciki game da hanyar ruwa shi ne, ko da yake jirgi na mai hali ne, hanyar da doki ke bi a gefenta ta kowa ce, ba a biyan ko kwabo. Tsohon mahaƙi mai ciwon ƙirji yana iya takawa a hankali, domin hanyar shimfiɗaɗɗiya ce ba hawa, yaro ya hau kekensa zuwa makaranta ba tsoron mota, mai ƙugiya ya zauna ya kama kifi. Amma idan aka kewaye bakin ruwan da gidaje masu tsada har ɗan gari ya koma leƙe ta katanga, to maganar mai suka ta tabbata.

Haka kuma lalle ne kada a ɓoye wuyar da aka sha. An nuna cewa wannan mai yiwuwa ne, domin a filin tsohuwar mahaƙar Markham, inda aka kafa sababbin wuraren sana'a, an jera siffofin ƙarfe 106 a kan hanyar da ma'aikata ke bi zuwa aiki, kowace siffa ɗauke da sunan mutum guda daga cikin waɗanda suka mutu a haɗurran 1937 da 1938 da 1973. Wanda ya bi ta wurin ba zai koma gida yana cewa zamanin dā daɗi ne zalla ba. Sa'an nan akwai haƙƙin rayayyu, kamar mutanen Killamarsh da suka sayi gidajensu da guminsu a kan tsohon layin. Son tarihi bai isa hujjar rushe wa mutum ɗaki ba, shi ya sa shirin da aka yi shi ne a karkatar da ruwan ya bi wata hanya.

Akwai wani amfani kuma wanda mai lissafi ba ya iya sa shi a ma'auninsa. Mun ce abin da rufe mahaƙa ya ƙwace har da dalilin haɗuwar jama'a. Aikin gayya yana maido da wani abu na wannan. Mutumin da aka ce masa ƙarfinsa da saninsa ba su da sauran amfani, idan ya sami kansa yana jera bulo a bangon ɗakin ruwa yana koya wa saurayi, an mayar masa da wani abu na mutuncinsa. Da yawa daga cikin waɗanda suka fara aikin a 1976 sun san ba lalle su ga ƙarshensa ba, suka yi duk da haka, kamar tsohon da ke dasa giginya. Sai dai a nan ma akwai tarko. Idan hukuma ta ga 'yan gayya suna yi, ta naɗe hannu ta ce ai ga shi suna taimakon kansu, to an ci mutanen nan sau biyu ke nan: kakanninsu sun haƙa don wasu su yi arziki, su kuma sun cike ramin a kyauta. Gayya tana da kyau idan ƙari ce a kan abin da hukuma ta sauke na wuyanta.

ABIN DA YA SHAFE MU

Kada mai karatu ya ce wannan zancen Turawa ne, ina ruwanmu. Muna da namu a Filato. Tun farkon ƙarni na 20 kamfanonin Ingila suka shiga haƙar kuza a Jos da Bukuru da kewaye, aka shimfiɗa ƙaramin layin dogo daga Zariya wanda ya isa can a 1914, dubban mutanenmu daga ƙasar Hausa da sauran wurare suka tafi aikin kuza, a lokacin yaƙin duniya na biyu ma har da na tilas. Manoman wurin suka rasa gonakinsu. Da kasuwar kuza ta duniya ta karye a 1985, abin da ya rage na manyan kamfanoni ya watse, aka bar ɗaruruwan tafkuna masu zurfi waɗanda sukan ci mutane da dabbobi. Masu noman rani sun mayar da wasu abin ban ruwa, suna fitar da tumatir da kabeji da karas, an kuma mayar da na Rayfield wurin shaƙatawa. Wannan ƙoƙari ne abin yabo. Amma namu ya fi na Chesterfield ɗaure kai, domin su mai cin bashi da mai bin bashi ƙasarsu ɗaya, majalisarsu ɗaya, ana iya kama rigar wani. Mu kuwa babban rabon ribar ya haye teku, sauran ya shiga baitulmalin gwamnati. Ko da ba mu iya kamo na ƙetare ba, gwamnatin da ta karɓi harajin kuza tana nan, kuma magajiya ce. Har ila yau ana ci gaba da buɗe sababbin ramuka a Zamfara da Nasarawa da wasu wurare, ya kamata tun yanzu a san wanda zai cike su, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

KAMMALAWA

A taƙaice, amsata ga tambayar da muka fara da ita ita ce, gyaran kufai yana biyan wani ɓangare na bashi, bai biya duka ba. Wajibi ne a kan duk wanda ya gāji amfanin wurin, ko da ba shi ya yi ɓarnar da hannunsa ba. Yana zama adalci idan an faɗa wa mutane gaskiyar iyakar abin da zai kawo musu, aka bar su su zama masu wurin, aka kuma ajiye sunayen waɗanda suka mutu a inda za a gani. Yana zama zalunci idan aka yi shi don a rufe bakin masu neman aiki da asibiti, ko don a kore su a kawo masu kuɗi. Ruwan da ke gudana a Staveley ba zai dawo da huhun kowa ba, amma barin wurin a juji ma ba zai dawo da shi ba, sai dai ya ƙara wa jikoki hasara a kan ta kakanni.

Na san a cikin 'yan'uwana ɗalibai akwai waɗanda za su tsaya tare da mai lissafi, musamman 'yan sashen tattalin arziki, akwai kuma waɗanda suka fito daga Filato suka san tafkunan nan da idonsu fiye da yadda takarda za ta faɗa. Ina fata za su ɗauki alƙalami su ba mu nasu ra'ayin a fitowa ta gaba.